Terahaz: Igiyar da Ruwa Ke Shanyewa

 

Duk wanda ya taɓa kai yaro asibiti da zazzaɓi ya san 'yar farar robar nan ta gwajin maleriya. Ma'aikacin lafiya ya soki ɗan yatsa, ya ɗiga jini a ɗan rami, ya ƙara ruwan gwaji, a zauna a jira kamar minti 15 ko 20. In layi ɗaya ya fito, a ce da sauƙi. In biyu ne, a rubuta magani. To wannan layi da ke fitowa ja-ja, da yawanmu mun ɗauka jinin yaron ne ya taru a wurin. A mafi yawan irin waɗannan robobi kuwa zinariya ce. Zinariya ta gaske, sai dai an mai da ita ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera kusan 2,000 kafin su kai kaurin gashin kai guda.

Yaya aka yi zinariya ta koma ja? A cikin kowane ƙarfe akwai ƙwayoyin lantarki, wato elektiron, da ba a ɗaure suke wuri ɗaya ba, yawo suke yi. Su ne ke ɗaukar wuta a cikin waya. Idan haske ya faɗo kan 'yar ƙwayar zinariya, sai waɗannan elektiron su riƙa kaɗawa tare, su yi nan su yi can. Kaɗawar tasu ta dace da koren haske, don haka sai su shanye shi, ragowar da ke isowa idonmu ya zama ja. Michael Faraday ya haɗa irin wannan jan ruwan zinariya a Landan, ya yi bayaninsa a 1857. Shekara 100 bayan haka, a 1957, wani masani a Amurka mai suna Rufus Ritchie ya nuna da lissafi cewa wannan kaɗawa tana iya zama a fatar ƙarfe kawai, a daidai iyakar da ƙarfe ya haɗu da iska. Ita ce ake kira filazmon na saman ƙarfe. Idan ta haɗu da igiyar haske, sai su zama abu ɗaya mai gudu a manne da bayan ƙarfen, bai nutse ciki ba, bai kuma tashi sama ba.

Sharhinmu na yau a kan yadda masana ke ƙoƙarin amfani da wannan dabara ne don su sarrafa wata igiya mai taurin kai da ake kira terahaz. Mu masu rediyo mun fi kowa sauƙin gane ta, domin kullum muna ta'ammali da danginta.

Dattawan da suka saba murɗa akwati suna neman Kaduna ko Landan sun san gajeren zango, mita 49, mita 31, mita 16. Waɗannan lambobi tsawon igiyar ne. Matsakaicin zango ya fi su tsawo, yana kai ɗaruruwan mitoci. FM da yawancinku ke saurare yanzu tsawonta kamar mita 3 ne, tana kaɗawa kusan sau miliyan 100 a cikin daƙiƙa ɗaya. Igiyar wayar salula ta fi haka gajarta, daga kamu ɗaya zuwa biyu. Ƙa'idar ita ce, duk sa'ad da igiya ta ƙara gajarta, kaɗawarta na ƙara sauri, kuma tana iya ɗaukar saƙo mai yawa. In ka ci gaba da sauka har tsawon ya koma kashi 3 cikin 10 na milimita, ka iso terahaz ɗaya: kaɗawa sau miliyan har miliyan a daƙiƙa guda. Masana na kiran duk abin da ke tsakanin terahaz 0.1 da terahaz 10 da wannan suna. Gaba da nan sai zafin da ke fita daga garwashi, sannan hasken da ido ke gani, wanda ke farawa wajen terahaz 400. Duka jinsi ɗaya ne, saurin kaɗawa ne ya bambanta su.

Batun igiya mai bin doron abu ma a rediyo ya fara. Bayan Marconi ya aika sigina daga Ingila zuwa Newfoundland a watan Disamba na 1901, nisan fiye da kilomita 3,000, masana suka shiga muhawara: duniya a dunƙule take, igiya kuma miƙe take tafiya, to ta ina ta bi? A 1907 wani Bajamushe, Jonathan Zenneck, ya kawo lissafin igiyar da ke bin iyakar ƙasa da iska. Daga baya aka gano cewa wani sashe na sararin samaniya ne ke dawo da igiyar rediyo ƙasa, shi ya sa tashoshin nesa suka fi kamuwa da dare. Amma tunanin nasa bai faɗi ƙasa banza ba. Da rana matsakaicin zango doron ƙasa yake bi, kuma ya fi nisa a kan ƙasa mai danshi fiye da busasshen yashi. Tun kafin Zenneck, a 1899, Arnold Sommerfeld ya lissafa cewa igiya na iya bin bayan wayar ƙarfe guda ɗaya tsirara. Ku riƙe wannan, za mu iske ta a gaba.

Me ya sa terahaz ta gagara shekara da shekaru? Ta faɗa ne a tsakiya. Ta yi wa kayan lantarki irin na rediyo da waya sauri, ta kuma yi wa kayan haske irin su leza nauyi. Lezar farko ta ƙaramin guntu da ta fitar da terahaz an sanar da ita a 2002, daga wani ɗakin bincike a Pisa ta Italiya, kuma sai an sanyaya ta ƙasa da digiri 200 a ƙarƙashin sifili take aiki. Sai a 2020 masana a Amurka da Kanada suka kai irinta ga yin aiki a digiri 23 ƙarƙashin sifili, aka yi ta murna. Ku auna wannan da zafin watan Afrilu a nan Yagwa, lokacin da ma'auni ke haura 40 a inuwa.

Ko an samar da igiyar, sai matsala ta biyu: ta ina za a bi da ita? Wayar eriya da muka sani tana cinye ta cikin ɗan taƙi. Zaren gilashin da ke ɗauko intanet daga Kiribi zuwa arewa shi ma shanye ta yake yi. A 2004, a Jami'ar Rice da ke Houston, Kanglin Wang da Daniel Mittleman suka koma ga tsohon lissafin Sommerfeld. Suka ɗauki wayar ƙarfe tsirara, kaurinta bai cika milimita ɗaya ba, suka ɗora terahaz a bayanta, ta kuwa bi ta ba tare da asara mai yawa ba. Abin ya ba mutane mamaki saboda sauƙinsa. Sai dai riƙon sako-sako ne. Igiyar na tafiya ne a cikin iskar da ke kewaye da wayar, da zarar wayar ta lanƙwasa sosai sai ta sake ta, ta miƙe abinta.

Dalili shi ne, a wajen terahaz ƙarfe ya cika kyau. Ga haske, elektiron ba sa iya cimma saurin kaɗawar, sai igiyar ta ɗan kutsa cikin fatar ƙarfen ta kama. Ga terahaz kuwa suna cimma ta nan take, su tare ƙofa, igiyar ta rasa abin kamawa ta bazu sama.

A wannan shekara ta 2004 John Pendry na Imperial College da ke Landan, tare da abokan aikinsa biyu 'yan Sifen, Luis Martín-Moreno da Francisco García-Vidal, suka kawo mafita. Suka ce tunda ƙarfen ya ƙi barin igiyar ta shiga, a haƙa mata wurin shiga. A jera ƙananan ramuka ko tsage-tsage a fuskar ƙarfen, kowanne ya fi tsawon igiyar ƙanƙanta. Igiyar za ta riƙa leƙawa cikin kowane rami tana fita, tafiyarta ta ragu, ta manne da ƙarfen kamar filazmon na gaske, alhali kwaikwayo ne.

Manoman shinkafa na kamfanin SEMRY sun san wannan hikima a ruwa. Tun da aka kafa kamfanin a 1971, injuna ke jawo ruwan kogin Logon, amma ba wanda ke sakin sa a fili, don zai bazu ne ya bi inda ya ga dama, gonar ƙarshe ta kwana da ƙishi. Sai an sa shi a babban kanal, daga nan zuwa ƙanana, kowanne da ƙofarsa da faɗinsa, sannan ya isa gonar da ake nufi. Aikin tsagar da ke kan ƙarfe ke nan, kuma mai tsagawa shi ke yanke hukunci. Zurfin tsagar ne ke zaɓar igiyar da za ta kama, kuma yakan kusanci rubu'in tsawonta. Ga terahaz ɗaya, wannan ya zo daidai da kaurin gashin kai. In aka sa tsage-tsagen suna ƙara zurfi sannu a hankali, igiyar sai ta riƙa rage gudu, kowane zango ya tsaya a nasa wuri, a rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. In aka fiƙe bakin wayar mai tsage-tsage, sai ƙarfin igiyar ya taru a tsinin, a wurin da ya fi tsawon ita kanta igiyar ƙanƙanta.

Abin da ya rage shi ne buɗewa da rufewa, domin tsagar da aka yi a ƙarfe ta zauna ke nan. A nan girafin ya shigo. Wannan shi ne baƙin cikin fensir idan aka ɓare shi har ya koma shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyin zarra. Andre Geim da Konstantin Novoselov suka fara ware shi a Manchester a 2004, suka sami kyautar Nobel a 2010. A 2011 masana a Berkeley ta Amurka suka yanka shi siri-siri, suka nuna yana ɗaukar filazmon na terahaz, kuma in ka ƙara masa ko ka rage masa ƙarfin lantarki kaɗan, zangon da yake kamawa sai ya sauya. Wato an sami abin murɗawa.

Yanzu mu zo gida, domin na san akwai mai cewa, malam, mu da rezo, wato siginar waya, ke ɗaukewa da zarar hadari ya haɗu, ina ruwanmu da wannan?

Tambayar na kan hanya, kuma ruwa ne amsarta. Babu abin da terahaz ke tsoro kamar ruwa. Tururin da ke cikin iska yana shanye ta, kuma a wasu zanguna, kamar terahaz 0.557, sigina ba ta wuce 'yan mitoci. Shi ya sa masu nazarin taurari suka kai na'urorinsu na ALMA kan tudun hamadar Atakama a ƙasar Chile, mita 5,000 sama da teku, inda iska ta bushe ƙayau. Akwai 'yan kafofi da tururi bai cika toshewa ba, musamman wajen gigahaz 300, a ƙasan zangon terahaz, kuma su masu maganar 6G ke hange. A 2013 masana a Karlsruhe ta Jamus sun aika gigabit 40 a daƙiƙa a kan gigahaz 240, tsawon kilomita ɗaya. Kilomita ɗaya ya isa ya tsallaka Logon, tunda sabuwar gadar da ta haɗa mu da Bongor mita 620 ce. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa har leɓe ya tsage, irin wannan sigina za ta ji daɗi. Hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi ya rufe mana rana bai dame ta kamar yadda yake damun haske ba, don ƙwayoyin ƙurar da ke isowa nan sun fi tsawonta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Amma a watan Agusta fa? Ruwan sama mai ƙarfi yana karya ta, iska kuma ta cika da laima. Garin da ya ga ambaliyar 2012 da ta 2024 ya san cewa lokacin da aka fi buƙatar waya ta yi aiki shi ne daidai lokacin da sama da ƙasa suka zama ruwa.

Don haka in wani ya zo muku da labarin cewa terahaz za ta kawo ƙarshen matsalar rezo a yankinmu na Mayo-Danay, ku saurare shi da kunne ɗaya. Igiyar da ba ta ratsa bangon laka, ba ta son damina, kuma take buƙatar eriya kusa da kusa, kowace da wutarta, ba ita ce maganin ƙauyen da ke nesa da turken eriya ba. Wutar ma da za ta ciyar da eriyar, yawancinta daga madatsar Lagdo take zuwa, mai megawat 72, wadda ke raguwa duk shekarar da ruwan Binuwai ya yi ƙasa, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun ɗan rage nauyin. Abin da wayarmu ke buƙata an riga an ƙirƙiro shi tuntuni: zaren gilashi da ba ya yawan yankewa, da turaku, da wuta tsayayya. Af, tun kafin jita-jita ta riga mu, irin wadda aka yi wa 5G a 2020: terahaz ba ta da ƙarfin fasa ƙwayar halittar jiki yadda hasken hoton ƙashi na asibiti ke iya yi, kuma ruwan da ke fatar mutum ma tare ta yake yi.

Inda nake ganin tana da abin ba mu shi ne awo. Terahaz na ratsa takarda da kwali da roba da tufa, ƙarfe da ruwa kuwa suna tsayar da ita. Sinadarai da yawa masu ƙanƙara-ƙanƙara suna shanye ta a zanguna na musamman, kowanne da nasa tambari. Sukarin madara, wanda ake yawan cika ƙwayar magani da shi, yana shanye ta a terahaz 0.53. Saboda haka ana iya haska ƙwaya a ga abin da ke cikinta da kaurin rufinta ba tare da an fasa ta ba. Amfanin filazmon a nan shi ne tara igiyar a ɗan mitsitsin wuri, ta yadda ƙwayar gari kaɗan ko ɗigo guda zai isa a gane shi. Da haske an daɗe ana yin haka: tun 1990 wani kamfani a Suwidin ya fara sayar da na'urar Biacore, mai amfani da filazmon a kan siririyar fatar zinariya don gano yadda sinadaran jiki ke kama juna.

Mu kuwa mun san ciwon jabun magani. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Ranar kasuwa ku dubi tiren mai talla: ƙwayoyi ja da rawaya a zube cikin rana, wasu an ɓalle su daga kwalinsu, ba suna ba kwanan wata. Garin kan iyaka kamar namu, kaya na shigowa ta ruwa da ta tudu, ɗakin gwajin magunguna na ƙasa, LANACOME, kuma yana Yawunde, fiye da kilomita 1,000 daga nan. Duk abin da zai kawo gwaji bakin gada alheri ne.

Amma a nan ma a yi gaskiya. Na'urorin terahaz na yau tsada gare su, yawancinsu a ɗakin bincike suke, kuma takardar alminiyon da ake manne ƙwayoyi da ita tana tare igiyar. Akwai kayan da suka riga su isa kasuwa. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta fi shekara 10 tana amfani da TruScan, na'urar hannu mai aiki da leza. Haka batun shinkafa: manomi kan ciza ƙwaya ya ji ko ta bushe, kuma ɗan ma'aunin danshi mai batir ya isa ya nuna ko shanshera ta sauka zuwa kashi 14 cikin 100 da ake so kafin a zuba a buhu. Wanda ya ce sai terahaz za a auna wannan, kuɗinka yake so. Inda ta yi fice shi ne auna ruwan da ke cikin ganye yana jikin shukarsa, ba a tsinke shi ba, abin da zai taimaki masu binciken irin da ke jure fari.

Akwai kuma wata ƙofa da ban ji ana maganarta ba, kuma ita ta fi ba ni sha'awa. Dabarar Pendry ta siffa ce, ba ta tsadar ƙarfe ba. In ka ninka girman ramukan sau 100, dabarar na nan, sai dai zangon ya sauko zuwa gigahaz, kusa da na wayar salula. Gwajin farko da ya tabbatar da ita, a Jami'ar Exeter ta Ingila a 2005, da irin wannan zango aka yi shi, a kan jerin ƙananan bututun ƙarfe da ido ke gani. A 2013 ƙungiyar Tie Jun Cui a Nanjing ta ƙasar Sin ta buga siririn layin jan ƙarfe mai haƙora-haƙora a kan leda mai lanƙwasuwa, igiya ta bi shi har inda aka naɗe shi. Irin wannan layi ana iya fitar da shi a kan allon da masu gyaran rediyo suka sani, wanda ake zana hanyoyin wuta a kai a jiƙa a sinadari ya cinye ragowar jan ƙarfen.

Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana da babbar makarantar injiniyoyi, kuma malamanta na fiziks sun wallafa takardu a mujallun duniya kan lissafin yadda igiyoyi ke tafiya cikin irin waɗannan ƙirƙirarrun kayayyaki. Garwa ma ta sami tata jami'ar a 2022. Lissafin yana nan, kan tebur ne ke da ƙaranci. Ɗalibin da aka ba allon jan ƙarfe, da ƙaramar na'urar auna sigina ta gigahaz, irin wadda yanzu kuɗinta bai kai na wayar salula mai kyau ba, zai iya zana haƙoran da kansa, ya auna inda igiyar ta tsaya, ya sauya zurfinsu ya sake aunawa. Daga nan ya ɗora ƙwayar shinkafa ɗanya a kan layin ya ga yadda allura ta motsa, ya ɗora busasshiya ya kwatanta, ya gwada ruwan rijiya da na kogi, ya gwada a watan Janairu ya sake a watan Agusta. Sakamakon da zai samu game da shinkafar Yagwa da laimar Logon nasa ne, kuma duk ranar da na'urar terahaz ta yi arha har ta iso nan, da irin waɗannan alƙaluma za a daidaita ta.